HAƘƘIN LOMA DA HAƘƘIN HANYA

Muna farawa da sunan Allah, Mai ciyar da bayinSa, Mai shayar da su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi abubuwa biyu waɗanda mutane da yawa ba su ɗauke su a cikin sha'anin addini ba, watau abincin da mu ke zubarwa a juji da sharar da mu ke watsarwa a kan hanya. Sau da yawa za ka ga mutum mai kiyaye salla da azumi, mai yawan tambaya a kan ƙabli da ba'adi, amma ya shanye ruwan leda ya yar da ledar a ƙofar masallaci, ko ya bar rabin farantin shinkafa a wurin walima, zuciyarsa ba ta ko yi ɗar ba. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, shari'a ta yi magana a kan waɗannan abubuwa biyu, kuma ta ɗora nauyinsu a wuyan kowane baligi shi kaɗai, ko hukuma ta yi nata aikin ko ba ta yi ba.

ISRAFI DA TABZIRI

Bari mu fara da kalmomi, domin wanda ya san asalin kalma ya kama rabin hukunci. Larabci yana da kalmomi biyu na ɓarnar dukiya. Ta farko ita ce israfi, ma'anarta ƙetare iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, kamar mutum ya dafa mudu uku alhali mudu biyu ya ishi gidansa. Ta biyu ita ce tabziri, wadda daga gare ta ne Hausa ta sami kalmar almubazzaranci. Tushenta watsa iri ne, watau kamar manomin da ya ɗebi iri ya watsa shi a kan fako inda ba zai tsira ba. Don haka malamai suka ce tabziri shi ne sanya dukiya a inda ba muhallinta ba, ko da kaɗan ce.

A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Maɗaukaki Ya halatta ci da sha, sa'an nan a cikin ayar nan dai Ya hana ƙetare iyaka, Ya kuma bayyana cewa masu yin haka ba su da rabo a cikin ƙaunarSa. A cikin Suratul Isra'i kuwa, aya ta 26 da ta 27, sai da Ya fara umurni da a ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu, sa'an nan Ya hana almubazzaranci, Ya kuma danganta masu yinsa da shaiɗanu. Jerin nan yana da hikima. An ambaci masu haƙƙi tukuna, kana aka ambaci ɓarna, domin mu gane cewa abin da a ke ɓarnatarwa, galibi rabon wani ne da aka hana shi.

Annabi, mai tsira da aminci, ya sauko da wannan hukunci har kan loma guda. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ya umurci wanda lomarsa ta faɗi ya ɗauke ta ya share dattin da ya taɓa ta ya ci, kuma ya yi umurni da a suɗe kwano da yatsu, domin mai ci bai san a wane ɓangare na abincinsa albarka ta ke ba. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya kan yi alwala da mudu guda na ruwa, watau cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ya yi wanka da mudu huɗu zuwa biyar. Mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya lissafa taƙaita ruwa tare da kyautata wankewa a cikin sunna, ya kuma ɗauki yawaita shi a matsayin wuce gona da iri da bidi'a. To, in har ibada ba ta zama uzurin ɓarna ba, ina ga biki da suna?

GIRMAN ƁARNAR A DUNIYA

Kada wani ya zaci wannan ƙaramar magana ce. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto a shekarar 2024, inda ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan miliyan 1,050 a duniya, watau kimanin kashi 19 daga cikin 100 na abincin da ya isa kantuna da gidajen sayar da abinci da gidajen jama'a. Lissafin ya haɗa da ƙashi da ɓawo, amma ko an cire su, abin da ya rage mai ciwuwa ya kai cin mutum ɗaya sau miliyan dubu a kowace rana. Abin da ya fi jan hankali shi ne, kashi 60 daga cikin 100 na wannan ɓarna a cikin gidaje a ke yinta, kuma rahoton ya nuna bambancin da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na ƙasashe masu matsakaicin hali ba shi da yawa. Ashe ke nan ba laifin Turawa ba ne su kaɗai.

A ɗaya gefen kuma, hukumomin Majalisar masu kula da abinci sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2024, daga cikinsu miliyan 307 a nahiyar Afirka su ke, watau fiye da mutum ɗaya a cikin kowane biyar na mutanen nahiyar. A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da aukuwar matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur ta ƙasar Sudan, a watan Agusta na 2025 kuma aka tabbatar da ita a Gaza.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan. Tuwon da ka hana kanka zubarwa a Zariya ba zai tashi ya tafi Darfur ba. Yunwar waɗancan wurare yaƙi ne ya haddasa ta da toshe hanyoyin kai taimako, a wasu wuraren kuwa fari ne da tsadar kaya da rashin aikin yi. Amma wannan bai sauke maka nauyi ba, domin mai jin yunwa ba ya da nisa da kai. Yana nan a bayan katangarka, gwauruwa mai marayu, ko tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, ko almajirin da ke tsaye a ƙofar zaure. Imamu Buhari ya kawo a cikin littafinsa na ladubba hadisin da ya kore cikar imani daga wanda ya ƙoshi alhali maƙwabcinsa na kusa yana jin yunwa. Har ila yau, duk mudun da aka saya aka zubar ya rage abin da ke kasuwa, kuma in masu hali suka yawaita irin wannan saye, talaka ne ya ke jin zafinsa a wajen awo.

DARASI DAGA MAGABATA

A shekara ta 18 bayan Hijira fari mai tsanani ya auka wa Hijaz, har aka sa wa shekarar suna Shekarar Toka. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun farfaɗo, ya dinga cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, ayarin abinci ya taho daga Sham, aka dinga dafawa ana ciyar da dubban mutanen da suka kwararo Madina daga ƙauyuka. Abin lura shi ne, bai tsaya ga aikin mulki kurum ba, sai da ya fara da cikinsa.

Kafin wannan, Annabi, mai tsira da aminci, ya yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, saboda wata ɗabi'a tasu. In guzuri ya yi musu ƙaranci, su kan tara abin da ke hannun kowa a kan mayafi guda su raba daidai da juna. Mu ma muna da irin wannan a al'adarmu, watau ciyayya, inda magidantan unguwa kan fito da akussansu ƙofar gida bayan magariba, mai nama da mai miyar kuka tsura su ci tare, ba wanda ya san wanda gidansa bai ɗora tukunya ba. Yau ciyayya ta ja baya a birane, kowa ya shige ya rufe ƙofa, ragowar mai hali tana tafiya bola, maƙwabcinsa yana kwana da haƙuri.

A zamaninmu ma akwai misalin da ya nuna ɓarna tana gyaruwa in an tashi tsaye. Tsofaffin alhazai sun san yadda naman hadaya ke ruɓewa a Mina har a binne shi saboda yawa. A shekarar 1983 aka kafa shirin amfana da naman hadaya a ƙarƙashin kulawar Bankin Musulunci da ke Jidda, aka gina mayanka da ɗakunan sanyi, ana raba naman ga matalautan Harami, ana kuma aika shi ƙasashe fiye da 20. Ibada ba ta ragu da kome ba, ɓarna ce kurum aka toshe.

HAƘƘIN HANYA

Yanzu sai mu koma kan rabi na biyu na darasin, watau shara. Muslim ya ruwaito cewa imani rassa ne saba'in da 'yan kai, mafi ɗaukakarsu kalmar shahada, mafi ƙanƙantarsu kuwa kawar da abin cutarwa daga hanya. Kalmar da aka yi amfani da ita a Larabce ita ce aza, kuma ta game duk abin da ke cutar da mai wucewa, ƙaya ce ko dutse ko ƙazanta ko wari. Tun da kawar da cuta reshe ne na imani, lalle jefa ta a hanya tawaya ce a cikinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya. An kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai biyan bukata a kan hanyar mutane ko a inuwar da su ke hutawa, an hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan a matsayin wa'azi kurum ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya ware wani fasali a cikin Ihya'u a kan munkarorin tituna. A ciki ya lissafa zubar da shara a tsakiyar hanya, da watsa ɓawon kankana, da kwarara ruwan da zai sa mutane su zame, da mahaucin da ke yanka a bakin titi yana ɓata shi da jini. Ya ɗauki waɗannan duka a matsayin abin ƙi wanda ya wajaba a hana. Dalilin kuwa shi ne ƙa'idar nan da Imamu Malik ya kawo asalinta a cikin Muwaɗɗa, wadda ta hana mutum ya cutar da wani ko ya rama cuta da cuta. Hanya da kwata da fili mallakar jama'a ne baki ɗaya, saboda haka wanda ya ɓata su ya ci haƙƙin mutanen da ba zai iya ƙirga su ba, balle ya bi su ɗaya ɗaya ya nemi gafara.

MATSALAR LEDA

Sharar iyayenmu toka ce da kashin dabbobi da ɓawo da tsumma, kuma duk ƙasa tana cinye su. A ƙasar Kano, tun da daɗewa, manoman karkara kan shigo birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da takin juji su zuba a gona. Da haka gonakin kewayen birnin suka daɗe ana noma su kowace shekara ba tare da sun gaji ba. Cefane a kwando a ke yinsa, fura a ƙwarya, mai a kwalba, alala a ganye ko a gwangwani.

Leda ta sauya wannan duka, domin ita ba ta ruɓewa kamar ganye. Duniya tana ƙera roba da leda fiye da tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma abin da a ke sake narkarwa a yi amfani da shi bai wuce kashi 9 daga cikin 100 na sharar ba. Ledar da ka yar tana da makoma uku, kuma kowace cuta ce. In ta shiga kwata ta toshe ta, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, da damina kuma ambaliya ta shiga gidaje ta haɗa ruwan masai da na rijiya, amai da gudawa su biyo baya. In akuya ko saniya ta haɗiye ta sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta rame har ta mutu, kuma mahauta shaidu ne a kan abin da su ke tararwa in sun feɗe. In kuwa aka ƙone ta, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi da masu ciwon asma. Takin juji ma da manomi ke ɗauka yanzu sai ya sha wahalar tsince leda kafin ya amfane shi.

Wasu ƙasashe sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su farga. Bangaladash ta hana siraran ledoji a shekarar 2002 bayan an gano sun toshe magudanan ruwa a lokutan ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. A birnin Akara na ƙasar Gana, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, kimanin mutum 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai da shara tana cikin dalilan da aka ambata. Jihar Legas ma ta hana farar robar nan ta zuba abinci a watan Janairu na 2024.

ABIN DA MUTUM ƊAYA ZAI IYA

Wani zai ce, ai kwashe shara aikin hukuma ne. Gaskiya ne hukuma tana da nata nauyin, na samar da wurin zubarwa da motocin kwashewa, kuma haƙƙinmu ne mu tunatar da ita ta hanyar masu unguwanni da wakilai. Amma a nan ne bambancin farilla ta kifaya da farilla ta ainihi ya ke. Kwashe bolar gari farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Kame hannu daga cutar da mutane kuwa ta ainihi ce, ba wanda zai ɗauke maka. Rashin motar shara bai halatta maka juye kwandonka a kwata ba lokacin da hadari ya haɗo.

Wani kuma zai ce, ni kaɗai me ledata guda za ta ƙara ko ta rage? Sai mu ce masa, da yayyafi kogi kan cika. Mutumin da ke karɓar leda uku kurum a rana, a shekara ya tara fiye da 1,000. Gida mai mutum goma kuwa sai ka yi lissafi da kanka. Sa'an nan ranar hisabi ba za a tambaye ka jujin gari ba, abin da ya fita daga hannunka za a tambaye ka.

Ga abubuwan da kowa zai iya farawa da su tun daga yau. Maigida ya tafi kasuwa da jaka ko kwando, ya ƙi karɓar leda a kan abin da aljihu zai ɗauka. Wanda ya sha ruwan leda ya riƙe ledar har ya sami inda ya dace. Uwargida ta auna tsaba gwargwadon bakunan gidan, abin da ya kwana a yi ɗumame, ƙanzo a shanya, wanda ba za a ci ba a miƙa shi ga mai bukata tun yana da kyau, a cikin kwano mai tsabta, domin Alƙur'ani ya hana mu zaɓar lalatacce mu yi sadaka da shi. A raba shara gida biyu, mai ruɓewa ta tafi ga dabbobi ko ramin taki, ƙarfe da roba da kwalba a ajiye wa 'yan gwangwan, waɗanda sana'arsu tana rage wa gari nauyi, kuma ba su cancanci wulaƙanci ba.

Mai biki ya zuba wa baƙi kaɗan kaɗan, wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa, kuma tun kafin ranar ya shirya wanda zai kwashi ragowa ya kai makarantar allo ko asibiti ko gidan marayu. A watan azumi, wanda ya kamata ya zama watan rage ciki, a daina jera kala bakwai a kan tabarma don mutum uku. Manomi kuma ya tuna da shawarar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta barin hatsi a cikin zangarniyarsa don ya daɗe. Hukumar abinci ta duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 daga cikin 100 na abinci yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa. Gyaran rumbu, da shanya tumatir a yi kauɗa lokacin da ya yi araha, da adana wake a cikin buhun nan mai ruɓi uku wanda ba ya shigar da iska, duk suna cikin kiyaye ni'ima.

Limamai da malaman Islamiyya su ma suna da rabonsu. Ya kamata a ajiye kwandon shara a harabar kowane masallaci, a gyara famfon alwala mai zuba, a kuma koya wa yara cewa tsince ledar da ke ƙofar makaranta sadaka ce mai lada kamar sauran sadakoki. Matasan unguwa su sa rana su yashe kwatarsu kafin saukar damina, kowane magidanci ya fito da kansa, domin yaro abin da ya ga babba yana yi shi ya ke kwaikwayo. Wanda ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar gidansa har ya ɗan zarce zuwa ta maƙwabci, ya yi wa'azin da ya fi na baki tasiri.

Ni'ima amana ce, kuma godiyarta ita ce a yi amfani da ita inda Mai ita Ya yarda. Allah Ya sa mu cikin masu godiya, Ya tsare mu daga almubazzaranci da cutar da bayinSa, Ya ciyar da mayunwata a duk inda su ke, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin ɓoye abinci don ya yi tsada.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.